Idon Kawu a Hanyar Gujungu: Yadda Muka Auna Gyangyaɗin Direba da Ƙiftawar Ido

Daren wata Alhamis cikin hunturun bara, wajen ƙarfe biyu, motar kawuna ta sauka daga kwalta jim kaɗan bayan ta wuce Gujungu. Mota ce ƙirar Kanta, ɗauke da raguna da awaki da aka loda a Maigatari za a kai Wudil, inda kasuwa ke ci ranar Juma'a. Ta gangara ta hannun dama, ta daki bakin kwalbati, ta kwanta a yashi. Raguna biyu suka mutu nan take, na uku aka samu aka yanka shi. Yaron motarsa, matashi ɗan shekara 19, ya karye a tsintsiyar hannu. Shi Kawu ƙujewa kawai ya yi a goshi. Allah ya taƙaita.

Da gari ya waye na hau babur na je wurin. Na daɗe ina bin kwaltar da ido, ban ga baƙin zanen da taya ke bari idan an taka birki da ƙarfi ba. Sawun tayoyin ma a yashi miƙe yake, ya bar titi a hankali, babu alamar an murɗa sitiyari don kauce wa wani abu. Motar ta tafi ne kamar babu kowa a cikinta.

Da na je yi masa jaje na tambaye shi, sai ya ce, "Wallahi ɗana idona biyu. Jaki ne ya gifta mini." Kawu ba mutum ne mai ƙarya ba, kuma ya haura shekara 25 yana tuƙi ba tare da ya taɓa kayar da mota ba. Amma da na leƙa yaron a gidan mai ɗori, ya jira har ɗakin ya zama daga ni sai shi, sannan ya ce, "Malam, ni dai ban ga jaki ba. Don Allah kada Oga ya ji daga bakina."

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren ƙauye, ba likita ba. Na rubuta wannan ne saboda direbobin da ke rayuwa irin ta Kawu sun cika kowace tasha a Jigawa da Kano.

Awa ashirin da ɗaya

Kafin in taɓa maganar ido, sai da na zauna na lissafa kwanansa. Kawu na da 'yar gonar albasa a fadama, kuma daren Laraba ne yake ban-ruwa, don lokacin ne injin da suke karɓa-karɓa yake zuwa hannunsa. Ya kwanta wajen sha biyun dare. Ƙarfe huɗu da rabi ya tashi, ya yi asuba, ya ɗauki buhunan mutane ya nufi Maigatari. Yini guda yana cikin kara, cikin rana da ƙura, yana jiran dillalai su gama ciniki. Ba a gama lodi ba sai bayan isha'i da nisa. Zuwa lokacin da motar ta faɗi, ya haura awa 21 bai runtsa ba, a kan barcin da bai wuce awa huɗu da rabi ba.

A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba barasa. Suka gano cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikin hannunsa da idonsa yana raguwa daidai da na mai kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi a kai. Idan aka kai awa 24, ya ninka. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Mutumin da bai taɓa kusantar kwalbar giya ba, mai sahun farko a masallaci, ya hau titi a halin da bai bambanta da na mashayi ba. Ga shi kuma tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na asuba ne jikin ɗan Adam ya fi neman barci, sai kuma bayan azahar.

Lissafi dai bai gamsar da Kawu ba. Ya ce shekara nawa yana wannan hanya a haka, tsautsayi ne kawai, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na fahimci cewa in ba ganin kansa ya yi da idonsa ba, magana ba za ta shige shi ba.

Abin da fatar ido ke faɗa

Akwai wata 'yar tsoka da ke riƙe fatar ido ta sama a ɗage duk tsawon yini, da wata da ke zagaye da ido mai rufe shi. Mutum mai cikakken barci idan ya ƙifta, fatar na sauka ta koma cikin kashi ɗaya zuwa huɗu cikin goma na sakan. Shi ya sa muke cewa ƙiftawa da bisimilla. Yana yin haka kamar sau 15 zuwa 20 a minti idan yana zaune ba ya komai. Da barci ya fara kama ƙwaƙwalwa, sai tsokar da ke riƙe fatar ta fara saki: fatar ta sauko a hankali, ta daɗe a ƙasa, ta koma sama da ƙyar, wani lokaci ma ta tsaya a rabi. Hausa tana da kalmar wannan tun tuni, lumshewa. Ƙiftawa daban, lumshewa daban, kuma duk ilimin da ake yi a kan wannan fanni a tsakanin kalmomin nan biyu yake.

A Amurka, cikin 1994, Walter Wierwille da abokan aikinsa a jami'ar Virginia Tech suka fito da ma'aunin da ake kira PERCLOS. Ma'anarsa mai sauƙi ce: a cikin minti ɗaya, tsawon wane lokaci fatar ta rufe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ido? Idan an tara an samu sakan 6 cikin 60, kashi 10 ke nan. A 1998 David Dinges da tawagarsa suka gwada hanyoyi daban-daban na gane mai gyangyaɗi a kan mutanen da aka hana barci, PERCLOS ya fi sauran dacewa da lokutan da hankalin mutanen ke ɗaukewa. A Ostareliya kuma wani likitan barci, Murray Johns, ya bi ta wata hanyar: ya auna saurin saukar fatar da saurin ɗagawarta, ta hanyar tabarau mai ɗan haske da ido ba ya gani, ya fitar da sikeli daga 0 zuwa 10. Direbobin manyan motocin haƙar ma'adinai suna sa irin wannan tabarau. Tarayyar Turai ma tun watan Yulin 2024 ta wajabta wa duk sabuwar mota na'urar gargaɗin gyangyaɗi, ko da yake da yawa daga cikinsu yanayin riƙon sitiyari suke lura da shi, ba ido ba.

Mu motocinmu tsofaffi ne, sun sha hannu kafin su iso mana. Abin da nake da shi waya ce mai ɗaukar hoto 30 a kowane sakan, da kwamfuta da zan iya bin bidiyo hoto bayan hoto. Idan ƙiftawar lafiya ba ta wuce kashi uku cikin goma na sakan ba, to hoto tara ko goma ke nan. Duk rufewar da ta haura hoto 15, wato rabin sakan, ta fita daga ƙiftawa ta shiga wani abu daban.

Yadda muka yi

Na roƙi Kawu ya bar ni in bi shi tafiya biyu bayan an gyara motar. Ban ɓoye masa dalili ba. Ya ce, "To Malam, zo ka gani, in ka kama ni ina barci na yarda." Na ɗauke shi minti biyar-biyar a lokuta huɗu: safiyar wata Talata da ya kwana a gida lafiya, hantsin Alhamis a Maigatari, daren Alhamis a teburin mai shayi ƙarƙashin fitilar sola, sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a hanyar dawowa daga Wudil, ina zaune a gefensa yana tuƙi. Cikin dare yana tuƙi ban iya ɗauka ba, domin wayar ba ta gani a duhu, kuma ba zan haska wa direba fitila a fuska ba. Na'urorin gaske da wancan hasken da ido ba ya gani suke aiki saboda wannan dalili.

Da farko yawan ƙiftawa na zauna ina ƙirgawa, a zatona mai jin barci zai fi yawan ƙifta ido. Sai lissafin ya fito a juye. Bidiyon hantsin Maigatari, lokacin da yake garau yana ciniki da raha, shi ya fi kowanne yawan ƙiftawa. Dalilin a fili yake da na sake kallo: hazo ne ya sauka, iska busasshiya, shanu na tayar da ƙura, idonsa ya yi ja yana ta ƙoƙarin wanke kansa. Ga surutu kuma, wanda shi ma yana ƙara ƙiftawa, kamar yadda karatu ko zura wa waya ido ke rage ta. A ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya dogara da yawan ƙiftawa ƙura zai auna, ba barci ba.

Sai na koma kan tsawon kowace rufewa, kuma a nan abin ya bayyana. A bidiyon Talata, ido na rufewa ya buɗe cikin hoto bakwai, takwas, tara, kamar an ɗana tarko ya tashi. Na Maigatari ma haka, duk da yawansu gajeru ne masu kaifi. A teburin mai shayi kuwa, ga kofi a hannunsa, ga goro a kumatu, amma fatar ta fara nauyi. Saukarta ba ta canza sosai ba, komawarta sama ce ta zama ja, kamar labulen da ya jiƙe. Tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa ma ba ta komawa inda take da safe, tana tsayawa ta rufe saman baƙin idon.

Na Juma'a shi ne wanda har yau ba na son kallo. Wajen ƙarfe uku saura, rana ta dake gilashi, motar babu kaya, titi miƙe. Yana cikin ba ni labarin farashin taki sai maganar ta yanke a tsakiya. Ido ya lumshe, ya buɗe, ya sake lumshewa. Sai ya rufe ruf. Kansa bai sunkuya ba, hannayensa biyu na kan sitiyari, ƙafarsa na kan totur, bakinsa a ɗan buɗe. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Kawu!" Ya buɗe ido ya ce, "Na'am, ina jin ka," ya ci gaba da maganar taki daga inda ya tsaya. Na ce ina son in kama ruwa, ya tsaya, ban bar shi ya tashi motar ba sai da ya kwanta a gindin wata tsamiya. Daga baya na ƙirga: hoto 70, sakan biyu da ɗoriya. Muna tafiya kilomita 60 a awa, wato kusan mita 17 a kowane sakan. Mun ci kusan mita 40 babu direba. Daga ranar ban sake ɗaukar sa yana tuƙi ba. Wanda ya ga lumshewar farko ba shi da hujjar jiran ta biyu don ya cika bidiyo.

A zaure na nuna masa, daga ni sai shi, bayan sallar isha'i. Ba abin da za a nuna wa dattijo a gaban iyalinsa ba ne. Ya kalla sau uku bai ce uffan ba. Can ya ce, "Wannan ni ne?" Ya yi shiru, ya sake cewa, "To amma jakin fa? Na gan shi da idona." Na faɗa masa abin da na sani: a bakin shiga barci mutum kan ga abin da babu shi, ya gan shi sarai kamar gaske, kuma wanda aka tasa daga barcin 'yan sakanni sau da yawa yakan rantse bai yi barci ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta ajiye wannan gurbin. Ba ƙarya ya yi ba. Barci ɓarawo ne, ya ɗauka bai bar sawu ba.

Iyakar abin da bidiyon ya nuna

Mutum ɗaya na auna, sau huɗu, da waya. Idon Kawu dama ƙanana ne, fatarsu ta ɗan sauko saboda shekaru, don haka da kansa na gwada shi, Kawun Talata da Kawun Juma'a, ba da wani ba. Akwai wuraren da fatar ta sauko don ya kalli allon mota ne ko ya ɗauki goro, sai da na ware su. Akwai kuma ɗaukewar hankali da ke faruwa ido a buɗe, mutum ya zura wa titi ido ba ya gani, wannan kuwa ƙirgen fata ba zai kama shi ba.

Babban abin da na ɗauka shi ne lumshewa gargaɗi ne da ke zuwa a makare. Kafin ido ya kai ga rufewa na sakan biyu, an daɗe da shiga haɗari. Awannin da mutum ya yi bai kwanta ba sun riga sun faɗi abin da zai faru tun kafin a tayar da mota. Amfanin bidiyon a wurinmu shi ne ya kawo ƙarshen musu.

"Oga, a duba dabbobi"

Da yaron ya warke na nuna masa shi ma, da izinin Kawu. Bai yi mamaki ko kaɗan ba. Ya ce, "Malam, ai na fi shekara ina ganin wannan. Da na ga idon Oga ya fara yin haka sai in ƙara muryar rediyo, ko in sauke gilashi, ko in ja shi da hira." Na ce me ya hana ka ce ya tsaya? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni in ce wa Oga yana barci?"

Wannan amsa ta fi duk ƙirgen da na yi nauyi. Ma'aunin yana zaune a gefen direba tun da daɗewa. An ce ido ba mudu ba, ya san kima, kuma idon yaron ya san bambancin ƙiftawa da lumshewa ba tare da ya taɓa jin sunan wani bature ba. Kunya da girmamawa ne suka ɗaure masa baki, da tsoron kada a sauke shi a ɗauki wani.

Dabarun da yake yi kuma ba sa kai wa ko'ina. Jim Horne da Louise Reyner na jami'ar Loughborough a Ingila sun gwada su cikin shekarun 1990 a kan direbobi masu jin barci: iska mai sanyi da rediyo ɗan taimakonsu na 'yan mintoci ne, ya wuce. Abin da suka ga yana aiki shi ne a tsaya, a sha kofi mai ƙarfi, a kwanta kamar minti 15. Haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai, domin sinadarin hana barci da ke cikin kofi yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, sai mutum ya farka daidai lokacin da ya kama jiki. Goro ma yana da wannan sinadari, amma wanda ya yini yana tauna shi tun safe, kamar Kawu, jikinsa ya saba. Kuma duk wannan jinkirta bashi ne, ba biya ba. Ƙwayoyin da wasu direbobi ke haɗiya don su kwana a kan titi kuwa, na roƙi yaron ya nisance su ko da wa ya miƙo masa.

Muka zauna mu uku muka yi yarjejeniya. Idan yaron ya ga idon Kawu ya rufe har ya iya cewa "bisimillahi" a zuciyarsa bai buɗe ba, ko ya ga fatar ta tsaya a rabi tana ja, zai ce, "Oga, a duba dabbobi." Magana ce da kowane yaron mota ke faɗa, ko da mai kaya na zaune a gaba ba wanda zai ji wani abu. Kawu ya yi alkawari ba zai yi musu ba, zai nemi wuri mai mutane ya tsaya. Shi ya zaɓi kalmomin da kansa. Sharaɗin da na ƙara shi ne yaron ya kwanta a inuwar mota tsakanin azahar da la'asar a Maigatari, domin mai gadin da bai yi barci ba shi ma lumshewa zai yi. Ban-ruwan daren Laraba kuma ya koma hannun babban ɗan Kawu.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Masu dabbobi suna son a isa Wudil tun kafin asuba don a sauke a kama wuri mai kyau, dabba ta huta ta yi kyan gani. Wani daga cikin dillalan da ke ba shi lodi ya daina, ya ce tsufa ya kama Kawu. Kuɗin mako ya ragu, kuma na ga hakan a fuskar gidan. Ba na ganin laifin mai kaya shi kaɗai, shi ma bashi ne a kansa, amma matuƙar direban da ya tsaya ya yi barcin minti 20 shi ke rasa lodi, wanda ya haɗiyi ƙwaya ya wuce shi ke samu, to yarjejeniyar mutum uku a zaure ba za ta gyara hanyar Gujungu ba. Magana ce ta shugabannin tasha da na kara, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda tun 1988 aka kafa ta don irin wannan.

Akwai kuma wani abu da matar Kawu ta faɗa mini da ta ji abin da muke yi. Ta ce minsharinsa har waje ake ji, kuma cikin dare yakan yi shiru kamar numfashi ya tsaya, sai ya zabura da wani irin shaƙewa. Wannan alama ce ta ciwon da ke toshe hanyar numfashi lokacin barci, wanda ke sa mutum ya kwana a gado amma ya tashi kamar bai kwanta ba, kuma masu shi sun fi saura faɗawa haɗarin mota. Ana gane shi, ana kuma maganinsa. Na ce mu je Kano a duba shi, ya ce sai an cire albasa. An cire albasar, yanzu ya ce sai bayan Sallah.

Alhamis ɗin da ta wuce, ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na dare, wayata ta yi ƙara. Gabana ya faɗi da na ga lambar yaron. Ya ce, cikin raɗa, "Malam, lafiya lau. Muna Gujungu, wajen mai shayi. Na ce a duba dabbobi, ya tsaya. Ya sha kofi, ga shi can a kan benci ya rufa da bargo." A bayansa ina jin kukan awaki da muryar mai kaya yana tambayar ƙarfe nawa. Na ce ya duba agogo, in minti 20 ta cika ya tashe shi, ya kalli idonsa da kyau a hasken fitila kafin ya miƙa masa makulli.